Gwaggo Rakiyatu da Jaririn da Aka Ce Ba Ya Ji

Duk wanda ya zauna a unguwar Hausawa ta New Bell ya san shiru ba kayan Duwala ba ne. Tun da sassafe 'yan bensikin, wato masu haya da babur, suke cika titi da hon. Injin niƙa yana ruri, masu walda suna dukan ƙarfe, ruwan sama kuwa idan ya sauka a kan rufin kwano sai mutum ya ɗaga murya kafin na gefensa ya ji shi. A irin wannan wuri ne wata dattijuwa ta ɗora wa kanta aikin koya wa jarirai sauraro, maza da dama kuma suka yi dariya da suka ji. Dariyar ba ta da hujja. Inda hayaniya ta yi yawa, nan ne kunne ya fi bukatar tarbiyya, kamar yadda harshe ya fi bukatarta a kasuwa fiye da a masallaci.

Sunanta Rakiyatu, amma yara da manya Gwaggo suke ce mata. A nan New Bell aka haife ta. Fataucin goro ne ya kawo kakanta daga ƙasar Kano, ya ga ruwa da ciniki, bai koma ba. Ta yi aure da Malam Ilu mai sayar da tabarmi, suka zauna lafiya har Allah ya karɓi abinsa. Sana'arta tun tana budurwa kiɗan ƙwarya ce a taron mata, ranar suna ko ranar kai amarya. Wasu malamai ba su yi na'am da sana'ar ba, kuma ba zan ce ba su da abin cewa ba. Sai dai adalci ya wajabta a faɗi abin da kowa ya shaida: ba ta taɓa kiɗa inda maza da mata suka cakuɗa ba, ba ta taɓa sa habaici a waƙa don a biya ta ba, kuma da an kira salla take kifa ƙwarya, ko da uwar biki ta ɓata rai.

Sai shekarun wahala suka zo, ɗaya a bayan ɗaya. Rikicin yankunan masu Turanci ya koro mutane zuwa Duwala, ɗakin da a da mutum uku ke kwana ya koma ɗaukar iyali biyu. Kafin a farfaɗo, annobar korona ta shigo, aka hana taruwa. Aure ya zama abin da ake ɗaurawa a gurguje a watse. Gwaggo ta jera ƙoranta a kan kabad, ta koma dama kunu tana sayarwa a ƙofar gida. Ba a ji ta tana kuka da halin da take ciki ba. In an tambaye ta, cewa take yi hannun da ya iya ƙwarya ba zai kasa ludayi ba.

Da al'amura suka fara lafawa, wata ma'aikaciyar jinya mai suna A'isha ta zo ta same ta. A ƙaramin asibitin unguwa take aiki, inda ake auna jarirai, kuma ta yi kwas a Yawunde kan yadda ake tada kunnen jariri da sauti iri-iri tun yana ɗan watanni. Ta gwada haɗa iyaye a asibiti, abin da take kira atiliye, amma mata suka zo sau ɗaya ba su dawo ba. Benci ne da bango fari da bayani cikin Faransanci, mace kuwa ba ta sakin jiki da ɗanta a inda aka saba yi masa allura. A'isha ta gane haka da kanta. Ita tana da ilimin abin, Gwaggo tana da tsakar gida da ƙorai da amincewar mata, sai suka haɗa.

Kowace Asabar da hantsi ake shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfar Gwaggo. Takalma a ƙofa, wayoyi a cikin wani faranti da aka tanada. Abu na farko shi ne a yi shiru, wannan kuwa ya fi komai wuya ga matan da suka yi mako ba su haɗu ba. Daga nan Gwaggo ta zuba shinkafa a faifai tana karkata shi a hankali har ya yi kamar yayyafi. Ta kifa ƙwarya a cikin daro mai ruwa ta taɓa ta da yatsu biyu. Ta ɗauko shantu ta buga a cinya. Wani lokaci awarwaron hannunta kawai take girgizawa, sau ɗaya a dama da jariri, ta jira, sannan a hagu. Dokarta ita ce ba a haɗa sauti biyu, ba a kuma yi da ƙarfi. A'isha tana zagawa tana duba wane ne ya juya, wane ne ya buɗe ido, wane ne ya tsaya da tsotso. Labari ya bazu har mata suna zuwa a taksi daga unguwannin Logbaba da Yassa. Wasu iyaye maza ma sun fara leƙowa, su zauna a bakin zaure da jariri a hannu kamar an ba su ajiyar ƙwai, Gwaggo tana yi musu tsiya cewa wanda ya iya riƙe kan babur a cunkoson Japoma bai kamata kan ɗansa ya gagare shi ba.

Ƙarshen kowane zama shi ne uwa ta ɗaga ɗanta su fuskanci juna, ta kira sunansa, ta yi masa waƙa. A'isha ta ce duk sauran share fage ne, wannan shi ne aikin, domin babu sautin da jariri ya sani kamar muryar da ya kwana cikinta wata tara. A nan ne ilimin Yawunde ya ci karo da al'adar gida.

Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi, musamman a gaban surukai. Wanda bai san mu ba zai ce rashin ƙauna ne, ya kuwa yi kuskure babba. Alkunya ce, ma'anarta kuwa ita ce yarinyar da ta haihu jiya tana shaida wa manya cewa haihuwa ba ta sa ta ɗauki kanta daidai da su ba, ɗan kuma na dangi ne kafin ya zama nata. Gwaggo da kanta tana da ɗan fari, Yusufa, tela ne, furfura ta fara fito masa, har yau ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. Saboda haka idan aka zo ƙarshen zama, masu 'ya'yan fari sukan miƙa jariri ga ta kusa, su sunkuyar da kai. A'isha ta yi ta lallashi, Gwaggo ta ce ta bar su, abin da aka gina a shekaru ba a rushe shi da hantsi ɗaya.

Cikin masu sunkuyar da kan akwai Mardiya. Daga Kumba, a yankin masu Turanci da ake rikici, suka gudo ita da mijinta Awalu, da jariri ɗan makonni, suka sami ɗaki a bayan wani injin niƙa. Awalu ya kama aikin bensikin. Mahaifiyarsa, Hajiya Hawwa, ta sauko daga Garwa don ta ga jikanta, ta zauna da su. An sa wa yaron sunan marigayi mijinta, Mahmudu. Sai ya zamana babu mai kiran sunan a gidan: uwa ba ta kira don ɗan fari ne kuma sunan surukinta, uba haka, kaka kuma ba ta faɗin sunan miji. Maigida take ce masa, tana tsokanarsa yadda kaka ke yi da jika.

Yaron ya kai wata shida, lafiyayye, mai manyan idanu, amma shiru-shiru ƙwarai. Hajiya Hawwa ta tafa hannu a bayansa, bai waiga ba. Ta buga cokali a faranti, bai ko ƙifta ba. Ta tuna a cikin ƙarar bindiga aka haife shi, ta haɗa wannan da wancan, ta yanke cewa jikanta kurma ne. Ba muguwar mace ba ce, kuma hukuncin da ta yanke daga ƙauna ya fito. Ta ce yaron da ba ya ji ba zai rayu a titin da babura ke fitowa ta ko'ina ba. Za ta yaye shi da wuri ta tafi da shi Garwa, inda gidanta ke da fili, ta raine shi da kanta. Ai ita ma haka aka yi mata: Awalu ɗanta na fari ne, uwar mijinta ce ta ɗauke shi, ba ta ce uffan ba. An tsayar da tafiya a ƙarshen wata.

A wurin Gwaggo ma yaron bai nuna wani abu ba. Aka karkata faifai, aka taɓa ƙwarya, yana kallon rumfa. A'isha ta ce ba za a iya yanke hukunci da faranti da cokali ba, jaririn da ke kwana jikin injin niƙa yakan daina kula ƙara, sai an kai shi babban asibiti an auna da na'ura. Ta samo musu rana, amma ranar ta faɗo bayan tafiyar Hajiya, Hajiya kuma ta ce ba na'urar da za ta gaya mata abin da idonta ya riga ya gani.

Wata Asabar, da aka tashi, Mardiya ta tsaya a lungun ƙofa tana gyara goyo, tana zaton kowa ya wuce. Gwaggo tana bayan randa tana zubar da ruwan daro. Sai ta ji wani ɗan sauti daga maƙogwaron yarinyar, baki a rufe, babu kalma a ciki, gajere kamar kukan kurciya daga nesa. Ta ga kan yaron ya ɗago daga bayan uwar, ya manna kunci a kafaɗarta.

Gwaggo ta bar ta ta tafi gida. Ranar Litinin ta aika a ce Mardiya ta zo ta taya ta tsince shinkafa. Suka zauna su biyu, faifai a tsakaninsu. Ba ta ce mata ɗanki ba, don ta san da ta faɗi haka ta rufe ƙofar magana.

"Maigidan Hajiya fa," in ji ta, "an ce zai bi ta Garwa."

"Haka aka ce, Gwaggo."

"Ke kuma me kika ce?"

"Ni me zan ce? Nasu ne."

Suka ci gaba da tsinta. Can Gwaggo ta ce ita dai ta tsufa, kunnenta yakan jiyo abin da babu, ranar Asabar ma ta ji kamar kurciya a lungun ƙofarta. Hannun Mardiya ya tsaya a cikin shinkafa. Ba ta ɗago ba, amma ta yi bayani a hankali. A Kumba, ranakun da ba a fita, idan harbi ya matso, sukan kwanta a ƙasa, kukan jariri kuma yana iya jawo abin da ba a so. Sai ta riƙa manna bakinta a kansa tana yi masa wannan sautin har ya yi shiru. Tun daga nan, da ya ji yake nemanta. Ta gaya wa Awalu, ya yarda, amma da wane baki zai tsaya gaban mahaifiyarsa yana jayayya a kan ɗansa na fari?

"Yana ji, Gwaggo," ta ce. "In babu kowa, yana ji."

A nan ya kamata a yi tunani da kyau, domin mai gaggawa zai ce magana ta ƙare, Gwaggo ta je ta gaya wa Hajiya Hawwa. Da ta yi haka, tambayar farko ita ce wa ya faɗa mata. Amsar za ta nuna suruka ta kai ƙarar uwar mijinta waje, tana kuma ƙwaɗayin riƙe ɗan fari. Hajiya za ta ji an ci mata fuska, ta ƙara kafewa, ta tafi da yaron ko yana ji ko ba ya ji. Idan kuma aka tilasta wa Mardiya ta yi waƙar a gaban surukarta, ko muryar ba za ta fito ba, ko ta fito a ce da ita marar kunya har ƙarshen zamanta a dangin. Gaskiya tana hannun mutum ɗaya, al'ada kuma ta ɗaure bakin mutumin. Abin da ake bukata shi ne hanyar da Hajiya za ta gani da idonta ba tare da kowa ya faɗa mata ba.

Gwaggo ta je wurin A'isha ta tambaye ta ko a karatunsu akwai inda jariri ke jin murya ba tare da ya ga mai ita ba. A'isha ta ce akwai, hasali ma ya fi nuna gaskiyar ji, tunda ido ba zai taimaka wa kunne ba. Sai suka sanar cewa Asabar mai zuwa ranar kakanni ce, kowace uwa ta zo da kaka ko inna ko maƙwabciya babba. Gwaggo ta taka da ƙafarta ta gayyaci Hajiya Hawwa, ta ce bai dace baƙuwa ta bar Duwala ba ta sha kununta ba.

Ranar, aka ɗaura igiyar shanya daga ginshiƙin rumfa zuwa tagar ɗaki, aka rataya zannuwa suka zama labule. Iyaye mata duka suka shige baya tare da Gwaggo. Kakanni suka zauna a gaba da jarirai a cinya. Sharaɗin shi ne ba a kiran suna, ba a kuma faɗin wadda ke yi. Murya ta farko ta taso da waƙar reno, wata jaririya ta wuntsila har kakarta ta kusa sakinta. Ta biyu da Fillanci ta yi. Wata ta yi tata da Faransanci, tsofaffi suka yi ta dariya suna cewa wannan jikan sai an nemo masa tafinta. Mahmudu yana cinyar Hajiya Hawwa yana tsotsar carbinta, ko a jikinsa.

Daga nan layi ya zo kan Mardiya. Waɗanda ke bayan labule sun ce Mardiya ta buɗe baki ta rufe, gumi yana zubo mata. Gwaggo ba ta dube ta ba. Ta jawo daron ruwa ta fara taɓa ƙwarya a hankali, sauran matan kuma suka juya mata baya kamar suna kallon kiɗan. Da Gwaggo ta ɗauke yatsunta, sai sautin ya fito, ƙasa-ƙasa.

Carbi ya faɗi daga bakin yaron. Ya tsaya cik, sannan ya murɗa jikinsa gaba ɗaya wajen labule, ya miƙa hannu, ya yi wata 'yar ƙara da ba a taɓa ji daga gare shi a wannan gida ba.

Hajiya Hawwa mace ce mai son tabbatarwa, wannan kuma abin yabo ne. Ta juya yaron ya ba labule baya, ta sa tafin hannu ta kare masa gefen ido, ta jira. Gwaggo, da ta leƙo ta tsakanin zannuwa ta ga abin da ake ciki, sai ta kwaikwayi sautin da nata maƙogwaron. Yaron ya ɗan karkata kai, ya koma neman carbi. Sautin farko ya dawo, yaron ya banƙare har hularsa ta zame, yana neman hanyar da zai bi ta ƙarƙashin hannun kakarsa.

"Wace ce wannan, Yaya Rakiya?" in ji Hajiya.

"Mata sun yi yawa a bayan nan, Hajiya," Gwaggo ta amsa daga ciki. "Ni kuma idona sai a hankali."

Hajiya ta daɗe tana kallon ƙasa ta wajen labulen. Sannan ta ɗaga jikanta sama ta dube shi ido cikin ido.

"Ashe kana ji, maƙaryacin miji. Ni ce dai ba ka so. Na yi ta buga maka faranti kamar mai tallan alewa, kana kallona."

Tsofaffi suka fashe da dariya, wata ta ce ai mazan yanzu haka suke, sai wadda suka ga dama suke amsa wa. Aka sauke labule, iyaye suka fito a cakuɗe, aka raba kunu. Mardiya ta karɓi goyonta ba tare da ta dubi fuskarsa ba, kamar yadda ta saba, Hajiya kuma ba ta dube ta ba.

Ba a yi wani zama don warware maganar tafiya ba. Bayan kwana biyu Hajiya ta ce wa Awalu, tana kallon wani wuri dabam, hanyar Garwa ta lalace, jirgin ƙasa ma wahala ne, ba za ta iya da Maigida a wannan tafiya ba. A bar shi ya sha nononsa ya ƙoshi, in an yaye shi a kan lokaci sai a sake magana. Ta kuma ce kada a kuskura a fasa kai shi wurin na'urar da Madam A'isha ta faɗa. An kai shi, aka ce kunnuwansa biyu lafiya lau.

Ban kawo wannan labari don in ce a yar da alkunya ba. Gidan da babu ita na gan shi, ban kuma yi sha'awarsa ba. Amma al'adar da za ta raba uwa da ɗanta a kan kuskure, alhali uwar ta san gaskiya, tana bukatar wanda zai huda mata taga, kuma ba ya iya huda ta sai wanda ya zauna a cikin ɗakin ya san inda bango ke da ƙwari. Tun daga ranar labule ya zama sashen kowane zama a gidan Gwaggo, masu 'ya'yan fari ne kuma suka fi kowa saurin shiga bayansa. Bukukuwa sun dawo, ana kiranta kiɗa, tana zuwa, amma ba ta karɓar gayyatar Asabar da hantsi.

Ranar da Hajiya Hawwa za ta tafi, ita kaɗai, ta biyo ta gidan Gwaggo yin sallama. Ta ciro wani tsohon zani mai faɗi daga jakarta ta ajiye a kan tabarma.

"Ki ƙara a labulen nan naki, Yaya Rakiya," ta ce. "Ta gefen hagu bai kai ƙasa ba. Ana ganin ƙafafun mutane."

Gwaggo ta karɓa ta yi godiya. Asabar ta gaba ta sa aka sassauta igiyar, ta rataya zanin a gefen hagu har ya share ƙasa. Mardiya ta shiga bayansa, ta bar Mahmudu a cinyar wata maƙwabciya.